YADDA YAƘI YA SAKE MATSAYIN MATAN INGILA

In ana ba da labarin yaƙi, galibi sunayen sarakuna da na jarumawa a kan ji, da ranar da aka ci gari kaza, da yawan mutanen da suka faɗi a fagen fama. Ba safai a kan tambayi wanda ya riƙe gida da gona da kasuwa bayan maza sun fita ba. Alhali kuwa soja ba ya harbi sai wani ya ƙera masa harsashi, ba ya tafiya sai wani ya noma masa abinci, ya ɗinka masa tufafi. Darasinmu na yau a kan waɗanda aka bari a gida ne, watau matan ƙasar Ingila, a zamanin manyan yaƙoƙin duniya guda biyu, na 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945. In na ce Ingila, dukan ƙasar Birtaniya na ke nufi, har da Sikotlan da Wales.

Mutane da yawa kan ce yaƙi ne ya ɗaukaka matan Turai, ya fid da su daga ɗaki ya kai su ofis da Majalisa. Cikin maganan nan akwai gaskiya, amma ba ta cika ba. Za mu bi labarin daki-daki, mu ga abin da yaƙi ya ba su, da abin da aka ƙwace bayan an yi sulhu, da dalilin da ya sa saura ya tabbata. Mu da mu ke shirin riƙon aji, wannan na ƙarshe shi ya fi shafarmu.

1. KAFIN YAƘI

Kada mu zaci a da matan Ingila zaune su ke sun naɗe hannu. 'Yar talaka tun tana ƙarama ta ke neman na kanta. Ƙidayar da aka yi a 1911 ta nuna fiye da mata miliyan ɗaya barantaka su ke yi a gidajen masu hali, suna shara da wanki da girki. Baranya a gidan uwargijiyarta ta ke kwana, ta riga kowa tashi, kowa ya riga ta kwanciya, ladan kuwa bai taka kara ya karya ba. Waɗansu suna masaƙun Lankasha, inda har audugar ƙasarmu aka riƙa kaiwa, a can kuwa mata sun fi maza yawa. Waɗansu ɗinki su ke yi. Amma ƙira, da aikin injuna, da tuƙi, da aikin banki, duk an ce na maza ne, ladan mace kuma bai cika wuce rabin na namiji ba. 'Yar babban gida kuwa, abin kunya ne a gan ta tana aikin lada, in ba malanta ko jinya ba.

Akwai abu biyu da na ke so ku riƙe, gama za mu komo kansu. Na fari, ba macen da ta ke da ikon jefa ƙuri'a wajen zaɓen wakilan Majalisar Dokoki, balle ta zauna ciki, kuma tun 1866 mata su ke kai kuka a kan wannan. Wata mai suna Millicent Fawcett ta shugabanci masu bin hanyar lalama, suna taro, suna rubuta takardun roƙo. Wata kuma, Emmeline Pankhurst, ta ga lalama ta ƙi, sai ta kafa tata ƙungiya a 1903. Mabiyanta suka shiga fasa tagogi, in an ɗaure su su ƙi cin abinci a kurkuku.

Na biyu, makaranta. Dokar 1870 ta sa aka gina makarantun elementare ko'ina a Ingila da Wales. A 1880 aka tilasta wa iyaye su kai 'ya'yansu, maza da mata, a 1891 kuma aka yafe wa talakawa kuɗin makaranta. Sabo da haka kafin 1914 da wuya ka sami budurwar da ba ta iya karatu da rubutu da ɗan lissafi ba.

2. YAƘIN 1914

Ingila ta shiga yaƙi da Jamus ran 4 ga watan Agusta, 1914. Da fari Gwamnati ba ta ga abin da mata za su yi ba, sai dai su saƙa wa soja safa, su yi jinya. Wata likita ta Sikotlan, Elsie Inglis, ta je ta ce za ta kafa asibitocin soja waɗanda mata zalla za su riƙe. Hukumar yaƙi ta sallame ta, aka ce ta koma gida ta zauna. Sai ta kai tayinta ga Faransa da Sabiya, suka karɓa hannu biyu-biyu, asibitocin da ta kafa suka yi ta jinyar sojojinsu har yaƙi ya ƙare.

Cikin 1915 labari ya fito cewa sojan Ingila da ke Faransa ba su da isasshen harsashin igwa. Hankalin jama'a ya tashi. Aka kafa ma'aikata ta musamman don ƙera makamai, aka ɗora Lloyd George a kanta. Ga injuna, amma masu riƙonsu sun tafi fagen fama. A watan Yuli na shekaran nan mata kimanin 30,000 suka yi jerin gwano cikin birnin Landan, Pankhurst tana gaba, suna neman a ba su aikin yaƙi. Da aka kafa dokar shiga soja tilas a 1916, maza suka daɗa raguwa, sai ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Hausawa sun ce rashin farin wata, tauraro ke haske. To, a nan sai mutanen Ingila suka ga ashe tauraron ma ba ƙaramin haske gare shi ba.

Ku dubi lissafi. A tsakiyar 1914 mata kimanin 5,900,000 ne ke aikin lada, a tsakiyar 1918 sun kai kimanin 7,300,000. Masu ƙera makamai kaɗai sun tasam ma 950,000. Masu aikin jirgin ƙasa da motocin haya, watau yankan tikiti da dako da shara, sun tashi daga 18,000 zuwa 117,000. Bankuna da ofisoshi suka cika da 'yan mata akawuna masu buga tafireta. Barori kuwa suka ragu da kimanin 400,000. Wannan lissafi na ƙarshe abin lura ne, gama ya nuna da yawa daga cikin matan nan ba baƙin aiki ba ne. Tsintsiya suka ajiye suka ɗauki guduma, don ladan ya fi, kuma in an tashi daga aiki ba mai aikensu.

Da jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa suka tsananta nutsar da jiragen da ke kawo abinci, sai aka kafa rundunar mata ta aikin gona a 1917. A shekaran nan kuma aka fara ɗaukar mata cikin soja, don girki da aikin akawu da tarho da tuƙi, har aka ƙetarar da waɗansu Faransa. Kimanin 57,000 ne suka shiga rundunar mata ta sojan ƙasa. A Landan akwai wani asibitin soja a titin Endell wanda likitoci mata suka riƙe tun daga 1915.

3. HAƊARI DA LADA

Aikin makamai ba wasa ba ne. Akwai wani irin albarushi da a ke kira TNT, wanda a ke ɗurawa cikin kwanson harsashin igwa. Mai taɓa shi kullum sai fatarta ta zama rawaya, har mutane suka laƙaba wa matan nan suna kanari, sabo da tsuntsun nan mai rawayan gashi. Waɗansu dafin ya ci hantarsu suka mutu. Ga kuma tashin albarushi. A Barnbow, kusa da birnin Leeds, mata 35 suka halaka dare ɗaya cikin Disamba 1916. A Silvertown ta Landan mutum 73 suka mutu cikin Janairu 1917, a Chilwell kuma mutum 134 ran 1 ga Yuli, 1918. Galibi ba a bari jaridu su ba da cikakken labari, kada abokan gaba su ji daɗi.

Duk da haka ladansu bai kai na maza ba. Ƙungiyoyin ma'aikata maza sun ji tsoro in masu gidajen sana'a suka saba da ma'aikata masu araha, ba za su sake ɗaukar namiji da tsohon ladansa ba. Sabo da haka a watan Maris 1915 suka ƙulla alkawari da Gwamnati: sun yarda mata su shiga, amma ran da yaƙi ya ƙare kowa ya koma inda ya fito. Sai aka riƙa rarraba aikin gwani ɗaya kashi-kashi, a ba mace kashi guda, sa'an nan a ce ai ba aikin gwani ta ke yi ba, don haka ladan gwani bai kamace ta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A watan Agusta 1918 mata masu yankan tikitin motocin Landan suka yi yajin aiki, don an ƙara wa maza sule 5 a mako sabo da tsadar yaƙi, su an hana su. Suka sami sule biyar ɗin, amma ba a yarda lada ya zama ɗaya ba.

4. DA AKA YI SULHU

An tsai da yaƙi ran 11 ga Nuwamba, 1918. Nan da nan aka shiga sallamar mata, dubbai bisa dubbai, a 1919 kuma Majalisa ta mai da alkawarin nan na 1915 doka. Jaridun da suka yi ta yabonsu jiya suka juya suna cewa sun tare wa tsofaffin soja gurbi. Wadda aka yi wa tayin barantaka ta ƙi, sai a yanke mata ɗan taimakon da Gwamnati ke ba marasa aiki. Hukumomin makarantu da yawa suka kafa ƙa'ida, malama in ta yi aure ta bar aiki, haka kuma a aikin Gwamnati. Da aka yi ƙidaya a 1921, kason mata masu aikin lada bai fi na 1911 ba.

Har wasa ma bai tsira ba. 'Yan matan gidajen makamai sun kafa ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa a lokacin yaƙi, suna tara kuɗi don sojan da suka ji rauni. Ran 26 ga Disamba, 1920, mutum 53,000 suka taru kallon wasan mata a birnin Liverpool. Shekara na zagayowa sai hukumar ƙwallo ta hana mata wasa a filayenta, hanin nan kuwa ya yi shekara hamsin kafin a ɗage shi.

Amma akwai abin da bai ƙwatu ba. A watan Fabrairu 1918 aka ba mata ikon jefa ƙuri'a. Ga yadda aka yi. Tsohuwar doka ta ce sai wanda ya zauna wuri ɗaya na wani lokaci ya ke zaɓe, sojojin da suka yi shekaru a waje kuwa sun rasa wannan. Tilas a gyara dokar dominsu. Da aka zo gyara, sai Fawcett da mutanenta suka ce ina matan da suka ƙera musu harsashi? Aka rasa amsa. Amma sai aka ce sai mai shekara 30, wadda ita ko mijinta ke riƙe da gida, don kada mata su fi maza yawa wajen zaɓe. Mata kimanin 8,400,000 suka samu, yawancin 'yan matan da fatarsu ta yi rawaya kuwa ba su kai talatin ba. Sai a 1928 aka daidaita, mace da namiji duka shekara 21.

Waɗansu ƙofofin kuma suka buɗe. Nancy Astor ta zauna cikin Majalisa a Disamba 1919, ita ce mace ta fari da ta yi haka. Dokar 1919 ta yarda mace ta zama lauya ko mai shari'a. A 1929 Margaret Bondfield, wadda ta fara aiki tana yarinyar kanti, ta zama ministar ma'aikata. Kada kuma mu manta yaƙi ya cinye mazan ƙasar fiye da 700,000. Mata da yawa suka zama gwauraye, waɗansu ba su sami miji ba har abada, tilas suka ci da kansu.

5. YAƘIN HITILA

Da yaƙi ya sake tashi ran 3 ga Satumba, 1939, ba wanda ya tsaya gardamar ko mace za ta iya, gama gani ya kori ji. Tun 1938 aka kafa ƙungiyar mata masu aikin sa kai, ƙarƙashin Lady Reading, wadda daga baya ta tara mata wajen miliyan ɗaya. Su suka taimaka aka kwashe yara da uwaye kimanin 1,500,000 daga birane zuwa ƙauyuka cikin 'yan kwanaki, don gudun bom, su ne kuma ke ciyad da waɗanda gidajensu suka rushe.

A wannan karo Gwamnati ba ta tsaya ga roƙo ba. Ernest Bevin, ministan ma'aikata, ya sa aka fara rubuta sunayen 'yan mata a 1941. A Disamba na shekaran nan aka yi dokar da ba a taɓa yin irinta a Ingila ba: duk macen da ba ta da aure, mai shekara 20 zuwa 30, ana iya kiranta tilas, ko ta shiga soja, ko aikin tsaron gari, ko gidan sana'a. Kafin ƙarshen 1943 har mai shekara 50 sai ta ba da sunanta. A lokacin nan cikin mata goma marasa aure, masu shekara 18 zuwa 40, kusan tara suna wani aiki na ƙasa. A gidajen ƙera injuna kuwa, cikin ma'aikata uku kusan ɗaya mace ce, suna walda, suna haɗa jiragen sama da tankoki.

Rundunar mata ta sojan ƙasa ta wuce 200,000, ta sojan sama ta kai wajen 180,000, ta sojan ruwa wajen 74,000, masu aikin gona kuma fiye da 80,000. Tun 1941 aka haɗa maza da mata wajen igwar harbin jirgin sama. Mata ke hango jirgi, su auna nisansa da saurinsa, amma an hana su harbin da kansu, don mutane ba su yarda mace ta kashe rai ba tukuna. 'Yar Cocil, Wazirin Ingila, watau Firayim Minista, tana cikinsu. Gimbiya Elizabeth, wadda ta zama Sarauniya a 1952, ta shiga soja a farkon 1945, ta koyi tuƙi da gyaran mota. Waɗansu mata 168 kuma su ne suka riƙa tuƙa sababbin jiragen sama daga inda aka ƙera su zuwa sansanin soja.

Akwai aikin da ba a ji labarinsa ba sai bayan shekara talatin. A wani gida mai suna Bletchley Park, arewa da Landan, aka tara mutanen da ke warware asirin saƙonnin da Jamusawa ke aikawa ta wayar iska. A farkon 1945 sun kusa 9,000, kashi uku cikin huɗu mata ne. Waɗansu masana lissafi ne, waɗansu masana harsuna, waɗansu kuma ke sarrafa manyan injunan lissafi waɗanda su ne kakannin kwamfuta. An rantsar da su, suka riƙe asiri, har mazansu ba su sani ba.

Waɗansu kuma aka aika da su cikin Faransa a ɓoye, ƙasar tana hannun Jamus. Cikinsu akwai Nur Inayat Khan, 'yar wani malamin Sufaye mutumin Indiya. Aka sauke ta da dare a watan Yuni 1943, tana aika labari Landan ta wayar iska. Aka kama abokan aikinta, ta ci gaba ita kaɗai har aka bashe ta a watan Oktoba. Aka yi tambayar duniya ba ta tona kowa ba. Suka kashe ta a sansanin Dachau cikin Satumba 1944. A 1949 Ingila ta ba ta lambar George Cross, wadda a ke bayarwa don jaruntaka mafi girma.

6. KAYA BIYU A KAI ƊAYA

Matar aure mai aiki ta ɗauki kaya biyu. Tun Janairu 1940 abinci ya koma rabo da kati, tufafi kuma tun Yuni 1941. In ta tashi daga aikin sa'a goma ko fiye, sai ta shiga layin kanti, ta komo ta yi girki da wanki, da dare kuma ta kwashi yara zuwa ramin tsira in an busa ƙaho. Bom ya kashe farar hula kimanin 60,000. Gwamnati ta ga uwa ba ta fita sai an riƙe mata yaro, don haka ta buɗe gidajen reno, har suka kai wajen 1,500 a 1944, ta kuma yarda da aikin rabin yini.

Batun lada kuwa yana nan inda ya ke. Mace soja kashi biyu cikin uku na albashin namiji ta ke samu. Har diyyar rauni ma, in bom ya sami mace da namiji wuri ɗaya, tata ta kasa tasa da sule 7 a mako, sai da matan Majalisa suka tsaya tsayin daka aka daidaita a 1943. A shekaran nan aka ba matan nan matuƙa jirgin sama albashi ɗaya da maza, a Hillington kusa da Glasgow kuma dubban ma'aikata suka yi yaji a kan ladan mata.

Ga wani labari da ya shafi sana'armu. A watan Maris 1944 Majalisa tana shawarar sabuwar dokar ilmi, sai wata wakiliya, Thelma Cazalet-Keir, ta kawo gyara cewa a biya malama daidai da malami. Aka jefa ƙuri'a, masu goyon bayanta 117, Gwamnati 116. Cocil ya fusata, ya ce ko a soke gyaran, ko Gwamnatinsa ta sauka ana tsakiyar yaƙi. Aka soke. Amma dokar ta hana a kori malama don ta yi aure, wannan kam ya tabbata.

7. ME YA RAGE BAYAN YAƘI?

Bayan 1945 mata da yawa suka koma gida, waɗansu da sonsu, gama sun gaji, waɗansu ba da sonsu ba. Aka rage kuɗin gidajen reno, da yawa suka rufe. Rabuwar shekaru ta ɓata gidaje da dama: kafin yaƙi auren da ke mutuwa a kotu a Ingila da Wales bai kai 10,000 a shekara ba, a 1947 ya kai wajen 60,000. Wanda ya ce yaƙi alheri ne ga mata, to, ya tuna da wannan, ya tuna da gwauraye da marayu.

Amma ƙofar ba ta rufu kamar ta 1919 ba. A 1946 aka bar korar matar aure daga aikin Gwamnati, aka kuma fara biyan sule 5 a mako don kowane ɗa bayan na fari, kuɗin kuwa hannun uwa a ke sa shi, bisa ga abin da Eleanor Rathbone ta daɗe tana nema. A 1947 Gwamnati da kanta ta roƙi mata su komo masaƙu, don ma'aikata sun yi ƙaranci. A 1931 cikin matan aure goma ɗaya ce ke aikin lada, a 1951 sun wuce biyu. Albashin malamai mata aka fara daidaita shi a 1955, kaɗan-kaɗan cikin shekaru. Dokar lada ɗaya ga kowa kuwa sai a 1970 aka yi ta, ta fara aiki a 1975, watau shekara talatin bayan yaƙi.

To, yanzu mu auna maganar da muka fara da ita. In yaƙi kaɗai ke ba mata iko, me za mu ce da ƙasar New Zealand, wadda ta ba su ƙuri'a tun 1893 ba tare da wani yaƙi ba? Me kuma za mu ce da Faransa, wadda matanta suka cika gidajen makamai da gonaki a yaƙin 1914, amma ba su sami ƙuri'a ba sai 1944? A ɗaya gefen kuma, Suwizalan, wadda ba ta shiga yaƙin ko ɗaya ba, ba ta ba su ba sai 1971, wannan kuwa ya nuna yaƙi yana gaggauta al'amari. Abin da za mu iya cewa shi ne, yaƙi ya tsaga bango ne kurum. Larura ta sa aka kira mata, da larura ta wuce aka so a mai da su. Abin da ya hana su koma duka, su ne abu biyun nan da na ce ku riƙe. Suna da ƙungiyoyin da suka yi shekara hamsin suna shiri, waɗanda suka san lokacin da za su yi magana. Suna kuma da ilmi. Yarinyar da ba ta iya karatu ba ba ta iya duba ma'aunin inji, ba ta iya riƙe littafin banki, balle ta warware asirin wayar Jamus.

8. ABIN DA YA SHAFE MU

Ba na cewa duk abin da mutanen Ingila suka yi mu kwaikwaya. Kowace ƙasa da addininta da al'adunta. Amma akwai gaskiya ɗaya da ba ta da ƙabila: ba a fafe gora ranar tafiya. Malaman elementaren da suka koya wa 'yan mata ƙidaya a 1890 ba su san za a yi yaƙi a 1914 ba, amma da ranar ta zo aikinsu ne ya riƙe ƙasa. Bukata kuwa ba sai yaƙi ba. Annoba bukata ce, yunwa bukata ce, mutuwar mai gida ma bukata ce, kuma macen da ke naƙuda ta fi so ta ga likita mace.

Ilmin mata ba baƙon abu ba ne gare mu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke koyad da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta shirya matan da ke bin ƙauyuka suna karantad da 'yan'uwansu. Sabo da haka, 'yan'uwa, in aka ba ɗayanmu aji ya tarar da 'yan mata uku a bayan ɗaki, kada ya bar su can yana tambayar maza kaɗai. In uba ya zo cire 'yarsa, a zauna da shi da ladabi a nuna masa amfanin barinta. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne ayyuka matan Ingila suka fi yi kafin 1914, me kuma ya sa barori suka ragu a lokacin yaƙi?

2. Bayyana alkawarin da ƙungiyoyin ma'aikata suka ƙulla da Gwamnati a 1915. Wa ya amfana da shi?

3. Don me aka ce sai mai shekara 30 za ta jefa ƙuri'a a 1918?

4. Kwatanta halin da mata suka shiga bayan 1918 da wanda suka shiga bayan 1945.

5. Yi amfani da misalin New Zealand da Faransa da Suwizalan, ka rubuta shafi ɗaya a kan ko yaƙi ne ya ba mata ƙuri'a.